Kafin a Ɗora ta a Sikeli



Makon jiya ina dawowa daga aiki sai cunkoso ya tsayar da ni a bayan wata tirela da aka shaƙe da tsofaffin ƙarafa, za a kai su inda ake narkawa. Can a sama, tsakanin lotsattsun ganguna da ƙafafun gadaje, na hango rabin mota. An raba ta gida biyu da wutar walda, babu taya, babu gilashi, fentin ma ya koma kalar ƙasa. Amma wannan but ɗin mai gangarowa ta baya kamar an danna shi da tafin hannu, ko cikin duhu na shafa shi zan gane. Fijo ce, 504. Na bi tirelar da kallo har ta sha kwana, kuma tun daga ranar abin yake ci mini rai. Shi ya sa yau na ajiye batun da na shirya, na ce bari mu yi maganar tsohuwar mota, da mutanen da suke ƙarar da rayuwarsu wajen raya ta. Ni ma ina cikinsu, gara in faɗa muku tun da wuri.

Duk wanda ya haura shekara 40 a ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa shiga 504 ba. Wani a cikinta aka kai shi makarantar kwana da akwatinsa na ƙarfe a but. Wata a cikinta aka kai ta ɗakin miji. Wani kuma ita ce ta ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye cikin dare zuwa asibiti, a hanyar da yau ko mai babur sai ya yi tunani kafin ya bi.

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa, wanda bakinmu ya mayar Fijo, ya fito da ita a 1968, kuma shekara ɗaya bayan nan aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Masu zanen mota na gidan Pininfarina a Italiya su suka tsara surarta. Sai dai a Afirka ta sami gidan zama. A 1975 wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, tseren da ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu, inda motoci da yawa ba sa kaiwa ƙarshe. A wannan shekarar ce kuma, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar haɗa motoci ta PAN ta fara aiki a Kakuri, cikin Kaduna. Akwai wani abu game da farkon wannan masana'anta da nake son matasa su ji. A lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, jirage suna yin watanni a kan ruwa suna jiran layi. To, kayan haɗa motar ta sama ake kawo su, jiragen ɗaukar kaya suna tasowa daga birnin Liyon na Faransa su sauka a Kano, daga nan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ƙofa da injin da bamba, duk a jirgin sama. 'Ya'yan Kaduna da Zariya da Kafanchan da sauran sassan ƙasar nan su ne suke ɗaure su, su fesa fenti, su fito da mota sabuwa dal.

Zamanin ya dace da ita. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shigo hannun ma'aikata, ga bashin sayen mota da gwamnati take bai wa ma'aikaci a riƙa cira a albashinsa. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, sai 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Ita ce a gidan gwamna, ita ce a ofishin 'yan sanda, ita ce kuma a tasha, doguwar nan mai layin kujeru uku, tana jigila tsakanin Kano da Jos, ko Sakkwato da Gusau. A-kori-kurarta kuwa ta ɗauki buhunan gero da awaki da 'yan kasuwa a sama. Idan ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram, nan ma ita ce. Har akwai shekarun da samarin Turawa suke sayen tsofaffinta a Faransa, su keto hamada ta Tamanrasset su sauko Arlit da Agadas, su sayar su koma gida da kuɗin jirgi. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka.

Abin da ya kawar da ita daga titi kun san shi. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tattalin arziki na SAP darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin Kwatano suka cika gari, ga araha, ga sanyi, ga rashin shan mai. Ba na zargin kowa da ya sauya. Mai iyali lissafi yake yi.

Tamu 504 ɗin, mahaifina ne ya saye ta, Allah ya jiƙansa, da irin bashin nan na ma'aikata. Fara ce, mai kujeru ruwan ƙasa. Bayan rasuwarsa ta yi shekara 11 a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Tayoyi suka sace, suka nutse cikin ƙasa. Kaji suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai, ɓeraye suka cinye wayoyi. Sau uku 'yan gwangwan suna zuwa su yi tayi, sau uku Hajiyarmu tana aiko yaro ya ce ba ta sayarwa ba ce. A karo na huɗu 'yan'uwana suka ce gaskiya ta zama matattarar macizai, a rabu da ita. Na ce a yi mata kuɗi a cire a rabona. Aka yi haka. A ranar ban san bambancin filogi da kwayil ba.

Wani dattijon makaniki aka haɗa ni da shi, mutumin da tun yana yaron gareji Fijo yake taɓawa, kuma bai taɓa sauya layi ba. Da ya zo bai buɗe bonet ba tukuna. Sai da ya zagaya ta, ya durƙusa, ya zaro sukudireba yana tsokanar ƙasan ƙofofi da wurin ajiye ƙafa da cikin but. Duk inda ƙarfen ya yi taushi sai ya ja layi da alli. Da ya miƙe ya ce, “Ɗana, injin ba ya ba ni tsoro. Tsatsa ce abokiyar gabarka.” Na ce, “Baba, za ta tashi kuwa?” Ya ce in dai ina da haƙuri, za ta tashi, in kuma sauri nake yi, in kira 'yan gwangwan tun yau kada in ɓata kuɗina.

Gaskiyarsa ce game da injin, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan sirrin motar yake. Injin 504 mai silinda 4 ne, an kwantar da shi a karkace zuwa gefe ɗaya, shi ya sa bonet ɗin bai yi tudu ba. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma, wato abin da makanikai suke kira tof silinda, na alminiyom ne. Ramukan da fistin yake hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka huda su ba. Wasu bututun ƙarfe ne daban da ake kira silib, ana zura su, ana zare su. Ma'anar wannan babba ce ga talaka. Idan injin ya tsufa, ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, ba sai an jefar da shi ba. A zare silib ɗin da fistin da ringi, a sa sababbi, injin ya koma kamar ranar da ya baro Kakuri. Ana iya yin haka sau biyu, sau uku, a ƙarƙashin bishiya, da sifanu da hannu mai sani. Waɗanda suka ƙera wannan injin sun ƙera shi da niyyar a gyara shi. Babu kwamfuta a cikinsa, babu abin da aka rufe aka ce kada ka taɓa. Kafireta ce take haɗa mai da iska, kontak da distiribita suke raba wuta, sarƙa ce take juya taimin.

Rauninsa ɗaya ne da na gani da idona. Wannan kan na alminiyom ba ya son ruwan rijiya. Shekara da shekaru mahaifina yana ɗura wa lagireto ruwan da ya samu, kamar yadda kowa yake yi a lokacin, gishirin ruwan ya cinye hanyoyin da ke cikin tof silinda har suka zama kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Sai da muka nemo wani. Tun daga nan ruwan lagireto na kanti kawai nake zuba mata, kuma duk mai tsohuwar mota da yake saurarena, wannan ita ce shawara mafi araha da zan ba shi a yau.

Ƙasan motar ma abin kallo ne. Farfelar da take kai ƙarfi zuwa tayoyin baya a cikin wani bututun ƙarfe take, a rufe, dutse ba ya samunta, yashi ba ya shigarta. Safirin ɗinta dogaye ne masu laushi, ga ta da tsayi daga ƙasa. Shi ya sa idan ta shiga gargada sai ka ji kamar kwalekwale ne a kan ruwa, tana lilo tana wucewa. Tsofaffin direbobin tasha za su gaya maka cewa a hanyar burji mai kunya-kunya, in ka ba ta wuta daidai, sai ta daina girgiza ta miƙe.

Aikin bodi ne ya koya mini darasi mai ɗaci. Saboda ƙagara, na kai ta wurin wani mai gyaran bodi ba tare da na shawarci Baba ba. Cikin mako biyu ya dawo mini da ita sumul, fenti yana ƙyalli. Damina ɗaya ta yi, ƙasan ƙofofi suka fara kumbura kamar ƙurji. Ashe bai yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ba, bodi fila ya cusa a ramukan ya shafe, ya fesa fenti a kai. Tsatsar tana ciki tana cin abinta. Dole muka kankare komai har ƙarfe ya fito tsirara, aka yanke duk inda ya ruɓe, aka yanko sabon falle aka buga shi ya ɗauki lanƙwasar wurin, aka yi walda, aka shafa maganin tsatsa, sannan aka zo maganar fenti. Wata 7 wannan ya ci. Akwai dabarar da Baba ya nuna mini daga baya, wadda da na san ta da ban yi asara ba: ka ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi jikin mota da shi. Inda ƙarfe ne zai kama. Inda ya sulluɓe ya faɗi, fila ce a ƙasa.

Sai neman kaya, wanda shi kansa rabin sha'awar ne. Na san lungunan Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano saboda wannan mota. Ka je ka tambayi hannun ƙofa na asali, yaron shago ya dube ka ya ce ba ya da shi, sai wani dattijo daga can ciki ya ce dakata, ya shiga ya yi ta motsa buhuna, ya fito da shi cikin ƙura, har da tambarin zakin nan a jiki. Daga nan hira ta ɓarke. Zai tambaye ka wace ce, GR ce ko SR, giyar hannu ce a sitiyari ko ta ƙasa. Kafin ka bar wurin ya ba ka labarin tasa da ya sayar, da inda wata take kwance a wani gida a Funtuwa ko Malumfashi. Haka na sayi wata matacciya sukutum, ba don in tashe ta ba, don in riƙa cirar kaya a jikinta. Gilashin gaba da dashbod da fitila ɗaya duk daga ita suka fito.

Shekara 4 muka yi kafin ranar da aka ɗaura batir. Baba ya ɗiga ɗan fetur a bakin kafireta, ya ce in murza. Ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya ɗan juya distiribita da hannu, ya ce in sake. Ta kama. Wannan ƙarar, mai kauri, mai natsuwa, da ɗan kaɗawar salansa a ƙarshe. Ban ankara ba sai ga Hajiya a bakin zaure, ko mayafi ba ta gyara ba. Daga cikin ɗaki ta ji. Ta tsaya ta dafa bango, ba ta ce komai ba, sai da aka jima ta ce, “Haka take yi in Malam ya dawo.” Ban taɓa ba da wannan labari a rediyo ba sai yau.

To, yanzu ga inda masu wannan sha'awa suke rabuwa, har a yi ta musu a gareji rana ta faɗi. Wasu sun ce tsohuwar mota a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, ko ƙusa kada a sauya. Wasu sun ce mota ta mai ita ce, ya yi mata abin da ransa yake so: a cire injin Fijo a dasa na Toyota, a sa faffaɗan wili, a rage mata tsayi, a cika but da lasifika, a yi mata fenti mai walƙiya.

Masu sauyawa suna da hujja, kuma hujjarsu tana yawo a titunan Habana ta ƙasar Kuba. Can, tun da Amurka ta ƙaƙaba musu takunkumi a farkon shekarun 1960, kayan gyaran motocin Amurka suka daina shiga. Mutane ba su zubar da Chevrolet da Ford da Buick ɗinsu na shekarun 1950 ba. Sun dasa musu injinan dizal na wasu motoci, sun ƙera abin da babu da hannunsu, kuma har gobe motocin suna ɗaukar fasinja. Da sun nace sai kayan asali, da tuni babu ko ɗaya a kan titi. Mu ma nan, direban a-kori-kura da ya dasa wani injin don ya ci gaba da ciyar da iyalinsa, ba ni da bakin yi masa gyara. Motarsa gonarsa ce.

Amma wanda ya ɗauki mota don sha'awa da adana tarihi, ina da ra'ayi a kansa, kuma ba zan ɓoye ba. Abin da zai kare rai, a sauya shi ba tare da jinkiri ba. Robobin birki da suka shekara 30 a cire su ko da sun yi kyau a ido, domin daga ciki suke ruɓewa. Bel ɗin kujera a sa sabo, gaba da baya. Wayoyin wuta da suka bushe a zare su duka a ja sababbi da fis mai kyau, domin tsohuwar waya ta ƙone motoci fiye da yadda hatsari ya ƙone. Fitilu a ƙara musu haske, titunanmu na dare ba wurin wasa ba ne. Tayar da ta daɗe a ajiye, ko zanenta bai goge ba, ba abin hawa titi ba ce. Ni har kontak na cire na sa na lantarki, saboda na gaji da kankare shi a gefen hanya, kuma na ƙara fanka a gaban lagireto saboda zafin watan Afrilu a cikin cunkoso, abin da motar ba ta sani ba a ƙuruciyarta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, na ga masu irin motata suna ɗaura tukunyar iskar gas a but, kuma ban ga laifinsu ba, muddin ƙwararre ne ya ɗaura.

Inda nake tsayawa shi ne wurin yanka. Duk sauyin da za a iya warwarewa da sifana, ina maraba da shi. Wanda sai an sa wuta an yanke shasi, ko an fasa dashbod don a cusa talabijin, ko an datse safirin don mota ta kwanta ƙasa, wannan ba na goyon bayansa. Wanda ya rage wa 504 tsayi ya cire mata abin da ya sa ta zama 504. Kuma duk abin da na cire na asali, ban yar ba. Yana cikin buhu a ɗakin ajiya, da takarda a ɗaure an rubuta ko mene ne da ranar da aka cire. Wanda zai gaje ta, in ya so ya mayar, ga kayansa nan.

Na san akwai mai saurarena yanzu da yake cewa, ana fama da abin sawa a baki, wannan yana mana zancen tsohuwar mota. Wani abokina ma ya taɓa gaya mini a fuska cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma kuɗin da na zuba da sun saya mini ƙaramar mota mai sanyi. Maganarsa ta kuɗi gaskiya ce. Wanda zai hana iyalinsa cefane ko kuɗin makaranta don ya sayi bamba, ya yi zalunci, kuma babu sha'awar da za ta wanke shi. Ni a hankali na yi, wata in sayi gaskit, wata in haƙura, wani lokacin ta yi rabin shekara ban taɓa ta ba. Amma ku duba inda kuɗin suka tafi. Sun tafi hannun makaniki da yaransa, da mai walda, da mai fenti, da rewaya, da mai ɗinkin kujera, da dattijon nan na cikin shago. Kusan duk a cikin gari suka tsaya. Mai kiwon doki don hawan salla ba a ce masa almubazzari, an san yana riƙe da wani abu ne na gidansu. Mai tattabaru ma haka.

Kuma wannan ba sha'awar wata ɗaya ba ce. A Amurka an yi wani malamin makaranta, Irv Gordon, wanda ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966, ya riƙe ta har ya rasu a 2018. Ya yi tafiyar da ta haura mil miliyan 3 da ita, kusan kilomita miliyan 5, har ya shiga kundin Guinness. Da ake tambayarsa sirrin, abin da yake nunawa bai wuce bin littafin mota da sauya baƙin mai a kan lokaci da sauraron duk wata baƙuwar ƙara ba. Shekara 52 mutum ɗaya da mota ɗaya. Irin wannan zama yana sauya mutum. Ni dai na san ya rage mini gaggawa. Noti da ya yi shekara 20 a cije, in ka sa masa ƙarfi karyewa zai yi ya bar maka rabi a ciki, aikin minti biyar ya koma na kwana uku. Sai ka jiƙa shi da mai, ka tafi, ka dawo gobe.

Wasu ƙasashen sun ba abin muhimmanci a dokarsu. A Jamus motar da ta kai shekara 30 kuma aka riƙe ta da kyau tana samun lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe. A Ingila wadda ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya, kuma duk watan Nuwamba ana fito da motocin da aka ƙera kafin 1905 su yi tafiya daga Landan zuwa Biraitin, jama'a suna tsaye a gefen hanya suna ɗaga musu hannu. Peugeot da kansa yana da gidan tarihi a garin Sosho, inda babbar masana'antarsa take. Mu a nan, motar da aka fi sani a gidan tarihi ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, tana Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta. Ya dace a adana ta. Amma tarihinmu ba na ranar baƙin ciki kaɗai ba ne. Motar da hannun 'ya'yanmu ya haɗa a Kakuri, wadda ta kai malamin firamare aiki ta kai amarya ɗaki, ita ma ta cancanci rumfa da mai share mata ƙura. A ganina Kaduna ce ta fi kowane gari haƙƙin yin wannan, ko da ɗaki ɗaya ne, a jera ƙarama da doguwa da a-kori-kura, 'yan makaranta su zo su gani.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarfen ba ne. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Har yanzu in ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin ya kafa kunnensa a ƙotar, zai gaya maka wane bawul ne yake buƙatar seti. Zai daidaita kafireta da kunne da ƙanshin hayaƙi. Yaran garejin yanzu na'ura suke jonawa ta gaya musu ciwon mota, kuma wannan ilimi ne na gaske, zamaninsu ke nan, dole su iya shi. Sai dai cikin yara 6 da suke garejin, ɗaya ne kawai yake matsowa in an buɗe bonet ɗin Fijo. Shi nake kira duk ranar Asabar, in biya shi ladan yini, mu zauna da Baba a kan benci yana faɗa muna kwancewa. 'Yata ta biyu ma ta fara zama tare da mu, ita ce mai rubuta komai a littafi, har gejin filogi da na bawul ta haddace.

Saboda haka, kai da kake da irin wannan mota kwance a gidanku, ko Fijo ce, ko Basuwaja, ko tsohuwar Marsandi ko Landiroba, ga abin da nake roƙonka kafin damina ta sauka. Ɗaga ta a kan bulo tayoyin su bar ƙasa. Share ganyen da ya taru a gindin gilashi da cikin magudanan ruwa, domin nan tsatsa take fara cin ta. Cire filogi ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami don kada fistin ya cije. Yi mata rumfa ko ta zana ce, amma kada ka naɗe ta da leda, gumi zai kashe ta. Nemo takardunta ka adana, lambar shasi da ta injin ka rubuta a wani wuri. In kuma ya zama dole a sayar, rabon gado ne ko buƙata ta taso, to kafin ka kira mai sikeli ka leƙa garejin masu Fijo na garinku ka faɗa musu. Akwai mai nema, kuma zai biya fiye da kuɗin kilo.

Tawa yanzu tana fita duk Juma'a, ni da Hajiya a gaba, mu je gaida ƙanwarta mu dawo. Abu ɗaya ya rage mata, agogon dashbod. Na asalin ya tsaya tun mahaifina yana raye, na jikin matacciyar da na saya kuma an riga an cire shi. Shekara 3 ke nan ina cigiya. An ce mini akwai wata a kwance a wani gida a hanyar Daura, ranar Asabar in Allah ya kai mu ni da yaron nan za mu je mu duba.